Fina-finanmu Sun Manta da Sunan Gari

Mutanen Kalgo da na Gwandu, da na Birnin Kebbi, da duk inda muryar nan ta isa, muna gaishe ku da kyau. Sharhinmu na yau a kan fim ne, amma ta wani gefe da ba a cika dubawa ba, wato wurin da ake ɗaukar fim ɗin. Maganar da za mu yi guda ɗaya ce. Fim yana iya sa gari ya yi suna, har baƙi su yi takakkiya su zo ganinsa. Sai dai da sharaɗi. Dole fim ɗin ya kira garin da sunansa, ya kuma nuna shi yadda yake. Fina-finanmu na Hausa ba su cika yin haka ba, kuma asarar tamu ce. Ku biyo mu a hankali.

Bari mu fara da nesa, sannan mu dawo gida. A birnin Landan akwai wata unguwa da ake kira Notting Hill. A shekarar 1999 aka fitar da wani fim na soyayya da barkwanci mai sunan wannan unguwa. Labarin ba wani mai wuya ba ne. Wani mai shagon littattafai ne ya haɗu da wata shahararriyar 'yar fim daga Amurka, soyayya ta shiga tsakaninsu. Hugh Grant da Julia Roberts ne suka fito a ciki. An ɗauki fim ɗin a titunan unguwar na gaskiya, da kasuwarta ta titin Portobello. Gidan da jarumin yake zaune yana da ƙofa shuɗiya. Ƙofa ce kamar kowace ƙofa. Amma ga shi fim ɗin ya haura shekara ashirin da biyar, har yanzu mutane daga ƙasashe daban-daban suna zuwa su tsaya a gabanta a ɗauke su hoto. Abin dariyar ma shi ne, ainihin ƙofar da aka gani a fim an daɗe da yin gwanjonta. Wata ce aka sa a gurbinta. Duk da haka ana zuwa. Mai zuwan kuwa ba hoto kaɗai yake ɗauka ya juya ba. Yana cin abinci, yana shiga mota, yana sayen tsaraba.

Wani zai ce ai wannan halin Turawa ne. To, mu matso kusa da abin da muka fi sani, wato fim ɗin Indiya, wanda da yawanmu da shi muka tashi. A da, idan 'yan fim ɗin Indiya suna son dutse da ƙanƙara don waƙa, Kashmir suke zuwa. Da rikici ya tsananta a can wajen ƙarshen shekarun 1980, sai suka ƙara karkata zuwa Suwizalan. Darakta Yash Chopra ne ya fi kowa suna a wannan. Ɗansa Aditya Chopra kuma ya ɗauki wani babban sashe na fim ɗin nan na Shah Rukh Khan da Kajol, Dilwale Dulhania Le Jayenge, a ƙauyukan ƙasar, aka fitar da shi a 1995. Daga nan Indiyawa suka rinƙa zuwa ganin gadar da aka tsaya, da tashar jirgin ƙasan da aka ɗauka, da tsaunukan da aka yi waƙa. Mutanen Suwizalan sun san abin da suka samu. Shi ya sa a 2016 suka kafa wa Yash Chopra mutum-mutumi a garin Interlaken. Baƙo ne, ba ɗan ƙasa ba, amma kyamararsa ta jawo musu kasuwa.

Yanzu mu dawo ƙasar Hausa, don kada a ce abin na wasu ne. Mu ma mun san wannan ɗabi'a, tun kafin a ƙera kyamara. Ku dubi rijiyar Kusugu a Daura. Rijiyoyi nawa ne a ƙasar nan? Ba su ƙirguwa. Amma ita wannan an gina mata ɗaki, an sa mata mai kula, ɗalibai da manyan baƙi suna zuwa su leƙa ta. Me ya bambanta ta da sauran? Labarin Bayajida da macijiya da Sarauniya Daurama. Labarin ma, in an lura, da aure ya ƙare. Haka mahajjatanmu idan sun je Madina ba sa yarda su dawo ba su ga dutsen Uhudu ba, don sun ji tarihinsa tun suna makarantar allo. Ba muna haɗa wuri mai alfarma da fim ba ne, Allah ya kiyaye. Abin da muke nunawa shi ne halin ɗan Adam. Idan labari ya shiga ransa, yana son ya taka ƙasar da abin ya faru. Gani ya kori ji. To a zamanin nan, babban mai ba matasanmu labari shi ne fim.

Ga inda matsalar take, masu sauraro. Masana'antar fim ta Hausa ba yarinya ba ce. Tun 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano. Daga nan zuwa yau an yi dubban fina-finai, kuma mafi yawansu na soyayya ne ko na barkwanci. Ana kallonsu a Yamai da Maraɗi, ana kallonsu a Kumasi, ana kallonsu a Sudan da Saudiyya. Amma ku tambayi kanku. A cikin duk fina-finan nan, wane titi ne ya yi suna? Wace bishiya? Wane shago? Ku tuna Sangaya, ku tuna Wasila, waɗanda suka girgiza ƙasar nan wajen shekarar 2000. Kowa ya riƙe sunan jarumi da jaruma. Kowa ya riƙe karin waƙa. Amma mutum nawa ne za su iya cewa ga garin da abin ya faru, ga unguwar? Kaɗan ne. Galibin fim ɗinmu a falo yake farawa, a falo yake ƙarewa. Kujeru na alfarma, labule mai nauyi, ƙofar gida ta ƙarfe, mota ta shigo, mota ta fita. In an zo waƙa sai a nemi lambun wani otal, ko bakin madatsar ruwa, ko duwatsun Jos, kuma ba a faɗin sunan wurin. Falon nan zai iya kasancewa a Kano, ko Kaduna, ko Abuja. Ba wanda zai hau mota don ya je ya ga falo. Har fina-finai masu dogon zango da suka yi fice, da yawansu sunan gari suke ƙirƙira. Daɗin Kowa na tashar Arewa24 garin labari ne. Jihar Alfawa ta cikin Kwana Casa'in ba ta cikin taswirar Nijeriya.

Adalci ne mu faɗi dalilinsu, don ba da gangan kawai suke yi ba. Ɗaukar fim a titi yana da wuya. Da an kafa kyamara yara sun taru, hayaniya ta hana a ji magana. Hayar gida ɗaya na kwana biyu ya fi araha a kan kwasar ma'aikata zuwa wani gari. Sannan akwai tsoro. Furodusa yana gudun ya ambaci gari, a ga mugu a cikin labarin, mutanen garin su ce an ci musu mutunci. Ga shirin siyasa irin Kwana Casa'in, ƙirƙirar suna hikima ce, ba mu da ja. Amma labarin saurayi da budurwa fa? Wa zai yi fushi don an nuna ɗan garinsu yana neman aure da ladabi? Kuma an gwada an gani. A 2018 aka fitar da wani fim mai suna Up North, wanda Rahama Sadau ta fito a ciki. Labarin wani ɗan masu kuɗi ne daga Legas da aka turo bautar ƙasa Bauchi. An kira Bauchi da sunanta. An nuna Yankari, an nuna hawan dawaki. 'Yan kudu da ba su taɓa tsallako kogin Neja ba sun ga wata Arewa da ba ta cikin labaran tashin hankali. Abin lura shi ne, kamfanonin Legas ne suka shirya shi. Baƙo ya ga abin nunawa a gidanmu, mu kuwa mun rufe kanmu a falo.

To me ke gare mu a nan? Wannan ita ce gaɓar da muke so ku ƙara kasa kunne. Mu ɗauki Kalgo. Gari ne da ke ƙofar Birnin Kebbi, a kan hanyar da ke kai mutum Jega da Bunza. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, a ƙasar Kalgo ta zauna. Ga kuma babban asibiti. Saboda haka a kullum garin yana karɓar ɗalibi daga Zuru, ɗaliba daga Yawuri, malami daga kudu, mai jinya daga ƙauye. A gefe guda kuma ga manomin shinkafa a fadama, ga masunci, ga Bafulatana da ƙwaryar nono a ka, ga ɗan kabu-kabu yana jiran fasinja a bakin hanya. Duk marubucin da ya san aikinsa ya san a irin wannan mahaɗa ake samun labari. A nan ɗan birni ke yin kuskuren da ke ba mutane dariya. A nan ɗalibin da ya zo karatu ke ganin 'yar gari, iyaye su ce sai an san asalinsa. Ba sai an gina komai ba. Fadama a lokacin da shinkafa ta yi kore ta fi duk wani lambun otal kyau. Teburin mai shayi da asuba, da layin tasha ranar kasuwa, su ne irin wuraren da in labari mai daɗi ya zauna a kansu, gobe wani zai zo ya ce a nuna masa.

Gwandu kuwa nata ya wuce nan. Gari ne da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a cikinsa a shekarun jihadi, kafin ya koma Sifawa. Nan ne cibiyar yammacin daular da jihadin ya kafa, a hannun Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, mai tafsirin Liya'ut Tawili, kuma nan hubbarensa yake. A 1853, zamanin Sarkin Gwandu Halilu, Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya sauka a garin. A nan ya samu kwafin littafin Tarihus Sudan, wanda ya buɗe wa Turawa ido a kan tarihin Songhai da Tambutu. Ku ji fa. Mutum ya taso daga Turai, ya ratsa Sahara, ya samu abin da yake nema a Gwandu. Yau kuwa akwai yaro a Kano ko Zariya da ya san sunan titunan Mumbai daga fim, amma bai san ta ina ake shiga Gwandu ba. Ba laifinsa ba ne. Ba a nuna masa ba. Haka Argungu da kogin Matan Fada da gidan tarihi na Kanta. Hukumar UNESCO ta sa bikin kamun kifin garin cikin al'adun duniya da ake kiyayewa a 2016. Amma bikin kwana kaɗan ne, kuma ba kowace shekara ba. Fim kuwa yana cikin wayar mutum kullum.

Yanzu mu saurari masu ja, don suna da hujja. Babbar hujjarsu ita ce tarbiyya. Za su ce, mu da muke garin malamai, mu ne za mu gayyato 'yan rawa da waƙa? Wannan damuwa ba sabuwa ba ce, kuma ba ta wasa ba ce. A 2016 gwamnatin tarayya ta yi shelar gina ƙauyen fim a Kofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji ta jihar Kano. Malamai da jama'a da dama suka ƙi amincewa, gwamnati ta janye. To amma mu tambayi kanmu, bayan an janye, an daina yin fim? Ba a daina ba. An daina kallo? Ba a daina ba. Fim ya ma bar faifai ya koma YouTube, ya shiga ɗakin kowa. Wato rufe ƙofar gari ba ya hana fim shigowa gida. Abin da yake hanawa shi ne gari ya sa baki a kan abin da ake nunawa. Kuma ku lura da wani abu. Fim ɗin da ba shi da gari, ba shi da wanda yake jin kunya. Wanda aka ɗauka a ɓoye cikin gidan haya, ba mai unguwar da ya gani, ba limamin da aka shawarta. Amma ranar da darakta ya ce labarina a Kalgo ya faru, dole ya je gaban hakimi. Dole ya sa wa jaruma suturar da 'yar Kalgo take sawa. Dole saurayi ya yi zance a ƙofar gida, ƙane yana zaune a gefe, ya tura magabata, a kai goro. In ya yi ƙarya, 'yan gari za su ƙaryata shi a rana ɗaya. Sunan gari linzami ne a bakin mai shirya fim. A ganinmu, mai kishin tarbiyya shi ya fi cancanta ya goyi bayan wannan magana.

Sai dai akwai iyaka, kuma mu faɗe ta ƙarara. Hubbare ba wurin waƙa ba ne. Masallaci da maƙabarta ba wurin wasa ba ne. Wanda zai shiga Gwandu da kyamara ya san inda zai cire takalmi, ya san inda zai kashe ta gaba ɗaya. Tarihin garin ya dace da fim na tarihi da shirin ilimantarwa, tare da malamai da masarauta. Labarin soyayya kuwa ga kasuwa, ga lambu, ga hanya, ga makaranta. Gari yana da faɗi.

Hujja ta biyu ta masu gida ce. Za su ce, in wuri ya yi suna, ai mai wurin ya shiga uku. Gaskiya ne. A can Notting Hill ɗin ma, a 2025 wasu mazauna sun shafe gidajensu masu launi da baƙin fenti, don sun gaji da masu tsayawa hoto a ƙofarsu. A ƙasar Tailan, gaɓar tekun Maya da wani fim ya sa ta yi suna, sai da gwamnati ta rufe ta a 2018 saboda baƙi sun lalata ta, ba a sake buɗewa ba sai 2022. Mu kuma al'adarmu ta fi tasu tsanani a kan gida. Gidan aure ba a shiga. To darasin a fili yake. A nuna wurin jama'a, a bar gidan mutane. A nemi izini kafin a ɗauka, a biya mai wuri haƙƙinsa, kada a haska fuskar matar da ba ta yarda ba. Kuma mu yi wa kanmu gaskiya, Kalgo ba ta kusa da matsalar yawan baƙi. Tamu ita ce ba a san mu ba.

Sai batun tsaro da talauci. Wa zai bar gidansa ya zo yawon buɗe ido a wannan hali? Ba za mu ɓoye ba, wasu sassan jiharmu ta Kebbi sun sha wuya, kuma ba fim ne zai gyara wannan ba. Bikin Argungu kansa ya yi kusan shekara goma ba a yi ba kafin ya dawo a 2020. Amma baƙon da muke magana a kai ba Bature ba ne mai jakar dala. Ɗan Sakkwato ne da ya zo ɗaurin aure. Mahaifi ne da ya rako 'yarsa jami'a. Ɗan kasuwa ne daga Dosso ko Gaya da ya zo Jega. Suna wucewa ta cikinmu kullum. Abin da ya rage shi ne a ba su dalilin tsayawa na awa ɗaya. Awa ɗayan nan ita ce cinikin mai tsire da mai fura da ɗan kabu-kabu.

Wani ɗan tsokaci kafin mu rufe. Idan an zo ɗaukar gari, a ɗauko da harshensa. Mun gaji da jin Hausar yamma a fim sai a bakin mai gadi ko ɗan ƙauyen da ake yi wa dariya. Da wannan Hausa aka yi wa'azi, da ita aka yi waƙoƙin jihadi, da ita Narambaɗa da Ɗan Anace suka yi suna. Jarumi ma zai iya neman aure da ita, kuma a so shi.

Saboda haka muna sake maimaitawa. Fim yana sa gari ya yi suna, amma sai ya kira garin da sunansa, ya nuna shi yadda yake. Kiranmu na farko ga matasan Kalgo da Gwandu ne, musamman ɗaliban jami'a masu sha'awar rubutu da wasan kwaikwayo. Kada ku jira Kano. Wayar da ke hannunku ta isa ta fara. Ku rubuta labarin da ya faru a titinku, ku rubuta sunan garin a farkon shirin, ku kai wa dattawa su gani kafin ku sake shi. Iyayenmu sarakuna da malamai, in yaran nan sun zo da sallama, a saurare su, a gindaya musu sharaɗi, kada a kore su. Hukumomin al'adu na jiha kuma su sauƙaƙa izini, su gayyato masu shirya fim su ga fadama da idonsu. Ku kuma masu sauraro a gida, in kun zauna kallo yau da dare, ku tambayi kanku wane gari ne wannan. In ba ku samu amsa ba, ku tambayi masu fim ɗin a shafukansu, ku ce musu Kalgo da Gwandu suna nan. Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka.